Fim ɗin Annie Oakley na 1935: Tambayoyi da Amsoshi kan Gwanar Harbi da Yadda Aka Ba da Labarinta

Duk lokacin da masu sha'awar tsofaffin finafinan kaboyi suka haɗu, ba a rasa wanda zai ɗauko zancen matar nan da ake jefa wa kwabo sama ta harbe shi kafin ya faɗo. Tambayoyin da ake yi kusan iri ɗaya ne, shi ya sa aka tattara su wuri guda a nan. Wanda bai kalli fim ɗin ba ya sani cewa amsa ta uku ta faɗi yadda ya ƙare.

Wane fim ne wannan, kuma yaushe aka yi shi?

Sunan fim ɗin Annie Oakley, wato sunan matar da aka yi shi a kanta. Kamfanin RKO Radio Pictures na Amurka ne ya fitar da shi a watan Nuwamba na 1935. George Stevens ne darakta, Barbara Stanwyck kuma ita ce jarumar da ta fito a matsayin Annie. Preston Foster shi ne Toby Walker, gwanin harbin da ta faɗa sonsa, Melvyn Douglas shi ne Jeff Hogarth, Moroni Olsen ya fito a Buffalo Bill, mai ayarin wasan sukuwa da harbi, sai Chief Thunderbird da ya fito a Sitting Bull, wani shugaban 'yan asalin Amurka. Baƙi da fari ne, tsawonsa awa ɗaya da rabi.

Shekara 9 kacal ke tsakanin rasuwar Annie da fitowar fim ɗin. Ke nan a cikin waɗanda suka sayi tikiti suka shiga silima a 1935 akwai dattawa da yawa da suka taɓa ganinta da idonsu tana harbi a fili.

Annie Oakley mutum ce ta gaskiya, ko marubuta ne suka ƙirƙiro ta?

Ta gaskiya ce. An haife ta ranar 13 ga Agusta, 1860, a ƙaramar hukumar Darke ta jihar Ohio, aka raɗa mata suna Phoebe Ann Mosey, a gida kuma ana kiranta Annie. Sunan Oakley daga baya ta ɗauka, lokacin da ta fara fitowa gaban 'yan kallo. Iyayenta talakawan manoma ne. Mahaifinta ya rasu a 1866, bayan da sanyin hunturu ya ritsa da shi a hanya ya kwantar da shi, ya bar uwa da tarin 'ya'ya da babu.

Yunwa ce ta koya mata harbi, ba sha'awa ba. Tana wajen shekara 8 ta ɗauki tsohuwar bindigar mahaifinta ta shiga daji. Daga baya ta riƙa sayar da zomaye da tsuntsaye dangin makwarwa ga wani kanti na 'yan'uwa Katzenberger a garin Greenville, su kuma su aika wa otal-otal na birnin Cincinnati. Tana shekara 15 ta biya bashin da aka jinginar da gonar mahaifiyarta a kansa. Ba doguwa ba ce, tsayinta ƙafa biyar ne, amma duk wanda ya ja da ita a fagen harbi ya san ba kanwar lasa ba ce.

Me labarin fim ɗin ya ƙunsa?

Ya fara da Annie 'yar ƙauye mai kawo tsuntsayen da ta harba daidai a ka, don kada mai ci ya tauna gubar harsashi a cikin nama. Mai otal ɗin da ke sayen naman a Cincinnati ya sa kuɗi cewa maharbinsa zai doke Toby Walker, wanda ake yi wa kirari da gwanin duniya, bai san maharbin nan mace ba ce. Aka yi gasa, suka yi kankankan, har Annie ta fahimci cewa idan ta ci, Toby zai rasa aikin da aka ɗauke shi. Sai ta kuskure harbin ƙarshe da gangan. Jeff Hogarth na wasan Buffalo Bill ya gane abin da ta yi, ya ɗauke ta aiki ita ma.

A can Toby ya koya mata yadda ake jan hankalin 'yan kallo, soyayya ta ƙullu, amma suka riƙa nuna wa jama'a ba sa ga maciji da juna don kasuwa ta yi kyau. Ana nan sai Toby ya tare wani da ya so harbe Sitting Bull, bindiga ta tashi kusa da fuskarsa, idonsa ya sami matsala, ya ɓoye. Ranar da ya zo harbin kwabo a hannun Annie sai ya ji mata rauni, aka kore shi ana zargin hassada ce. Annie ta zaga Turai ta yi suna, zuciyarta kuwa tana wurinsa. A ƙarshe Sitting Bull ya hango shi cikin 'yan kallo a New York, ya bi sawunsa, ya sada su.

Da gaske ne ta bari aka ci ta a gasar farko?

A'a. Wannan shi ne babban wurin da fim ɗin ya saɓa wa tarihi, kuma a ganina shi ne abin da ya fi cancanta mai kallo ya riƙe a ransa. Annie ta gaskiya ta ci gasar. Abokin karawarta Frank Butler ne, mai yawon nuna gwanintar harbi, wanda ya sa dala 100 cewa zai doke duk wani maharbi na yankin. Wani mai otal a Cincinnati, Jack Frost, shi ya haɗa karawar. An ce an yi ta harbi ba wanda ya kuskure, sai a harbi na 25 Butler ya kuskure, ita kuwa ta samu. Labarin da ya fi yaɗuwa ya ce a 1875 aka yi, wasu masu binciken tarihi kuma sun fi yarda da 1881. Duk wanda aka ɗauka a cikin biyun, ba a saɓa ba kan wanda ya yi nasara.

To me ya sa marubutan fim suka juya abin? Ni dai ina ganin zamanin ne. A 1935 Amurka tana tsakiyar matsin tattalin arziki, miliyoyin magidanta ba su da aiki, kuma ana yi wa mace mai aikin albashi kallon wadda ta tare wa namiji hanyar abinci. Jarumar da ta raba namiji da sana'arsa a gaban jama'a ba za ta shiga ran 'yan kallon lokacin da sauƙi ba, sai aka mai da ita mai tausayi da ta haƙura da nasararta. An yi haka ne don a so ta, amma an rage mata abin da ya fi komai daraja a tarihinta.

An kuma tauye mijinta. Namijin da yarinya ta kayar a bainar jama'a, bai yi fushi ba, bai nemi ramuwa ba, sai ya ba ta tikitin zuwa kallon wasansa, ya nemi aurenta, daga baya ya sauka daga fage ya bar mata. Irin wannan labari ya fi wanda aka ƙirƙira daɗi nesa ba kusa ba, kuma abin takaici ne a ce an same shi a hannu aka ajiye. Amsar da ke biye ta yi bayanin mutumin.

Wane ne Toby Walker a zahiri?

Babu wani Toby Walker a rayuwar Annie. An gina shi ne a kan Frank Butler, aka canza suna da hali. Butler ɗan ƙasar Ailan ne da ya yi ƙaura zuwa Amurka yana yaro, ya yi ƙananan ayyuka iri-iri kafin ya koyi harbin nuni. Labarin iyali ya ce sun yi aure a 1876, akwai kuma takardar aure ta garin Windsor na Kanada mai ɗauke da shekarar 1882. A watan Mayu na 1882 abokin wasan Butler ya kwanta rashin lafiya a garin Springfield na Ohio, Annie ta shiga madadinsa, 'yan kallo suka haukace a kanta. Daga nan Butler ya gane inda hasken yake.

Ya zama manajanta: shi ke kula da kwantiragi, da bindigogi, da 'yan jarida, shi ke jefa mata abin harbi sama, shi ne kuma yake tsayawa da taba sigari a baki ta harbe ta. Fankama da cika baki irin na Toby, da raunin ido, da kora daga aiki, da doguwar rabuwa, duk ƙagaggu ne. Jeff Hogarth shi ma ƙirƙira ne. Wanda ya ɗauki Annie aiki a gaskiya shi ne Nate Salsbury, abokin kasuwancin Buffalo Bill, bayan ya ga tana gwaji a 1885.

Me ya sa fim ɗin bai nuna wahalar da ta sha tana yarinya ba?

Fim ɗin ya nuna talauci mai tsafta, gida mai fara'a da uwa mai kula. Gaskiyar ta fi haka ɗaci. Tana wajen shekara 9 aka kai ta gidan marayu da gajiyayyu na ƙaramar hukumar Darke, inda ta koyi ɗinki. Daga nan aka ba wa wani manomi da matarsa ita don ta yi musu raino, bisa alkawarin za su sa ta makaranta su kuma biya ta. Ba su cika ko ɗaya ba. Kusan shekara biyu ta yi tana bauta, ga duka, ga yunwa, har an taɓa fitar da ita waje cikin ƙanƙara ba takalmi saboda barci ya ɗauke ta tana ɗinki. Har ta mutu ba ta bayyana sunansu ba, kerkeci kawai take kiransu. Gudu ta yi ta koma wurin mahaifiyarta.

Masu fim sun so labarin nishaɗi ne, kuma wannan babi ba ya shiga cikin nishaɗi. Amma wanda bai san shi ba ba zai fahimci dalilin da ya sa Annie ta yi tsantseni da kuɗi duk tsawon rayuwarta ba, ko dalilin da ya sa ta riƙa tallafa wa marayu da karatun 'yan mata bayan ta samu.

Irin harbin da ake gani a fim ɗin, da gaske ta iya shi?

Ta iya, har ma fiye. Tana raba katin karta biyu ta gefensa daga taku 30. Tana harbin kwabo a sama, tana kashe wutar kyandir da harsashi, tana juya baya ta ɗora bindiga a kafaɗa ta duba madubi ta sami abin da ke bayanta. Ana jefa ƙwallayen gilashi da yawa lokaci guda ta farfasa su kafin su taɓa ƙasa, wani lokaci tana kan doki yana gudu. A 1885 ta harbi ƙwallayen gilashi 5,000 cikin awa 9, ta sami 4,772. Wannan ba gwanintar ido kaɗai ba ce, akwai ƙarfin kafaɗa da juriya.

Akwai abu ɗaya da masu son bindiga ke yawan tambaya. A wasannin fili irin na Buffalo Bill, idan za a harbi abin da aka jefa sama, sau da yawa ana amfani da harsashi mai watsuwa ne maimakon dunƙulalle, saboda dunƙulallen yana tafiya nesa, zai iya faɗa wa mutane ko gidajen da ke bayan fili. Wannan bai rage mata komai ba, don ta yi gasa da manyan maharba maza a filayen da ake bin doka sau da yawa ta kuma ci.

Mene ne wannan wasa na Buffalo Bill da ake ta ambata?

William F. Cody, wanda aka fi sani da Buffalo Bill, tsohon ɗan leƙen hanya ne na sojan Amurka kuma maharbin ɓauna. A 1883 ya kafa wasan da ya kira Wild West, ayari guda na mahaya da dawaki da ɓauna da keken doki, yana bin garuruwa cikin jirgin ƙasa yana kafa tantuna. Ana nuna sukuwa, da jifa da igiya, da harbi, da kwaikwayon yadda ake kai wa matafiya hari. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah zai iya kwatanta ƙurar da ihun jama'a. Annie ta shiga a 1885, bayan da gwanin harbinsu Kyaftin Adam Bogardus ya bar su, ta kuma zauna har 1901, in ban da ɗan lokacin da ta fita bayan zuwansu Landan.

A nan fim ɗin ya fi ƙarfi. Stevens ya sake gina filin wasan da mahaya na gaske, kyamara tana bin dawaki, har mutum ya ji kamar yana zaune a kan benci cikin 'yan kallo. Ko da labarin soyayyar bai burge ka ba, waɗannan wuraren sun isa dalilin kallo.

Da gaske Sitting Bull ya san ta?

Ƙwarai. Sitting Bull shugaba ne na Hunkpapa, wani reshe na al'ummar Lakota, 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Yana cikin jagororin da mutanensu suka murƙushe rundunar sojan Amurka da George Custer ke jagoranta a yaƙin Little Bighorn a 1876. Ya yi gudun hijira zuwa Kanada, ya dawo ya miƙa wuya a 1881. A watan Maris na 1884 ya ga Annie tana harbi a garin St. Paul na Minnesota, abin ya burge shi, ya nemi a haɗa su, ya ɗauke ta tamkar 'yarsa, ya kuma ba ta laƙabin da ke nufin ƙaramar da ba ta kuskure. Butler ya yi amfani da laƙabin a tallace-tallace har ya bi ta. Ke nan sun san juna tun kafin ko ɗayansu ya shiga wasan Buffalo Bill, saɓanin yadda fim ya tsara.

Wata huɗu kawai Sitting Bull ya yi a wasan, a 1885. 'Yan sandan hukuma suka kashe shi a Standing Rock ranar 15 ga Disamba, 1890, lokacin da suka je kama shi. Fim ɗin bai ce komai kan wannan ba. Ya ba shi kyakkyawar zuciya, shi ne ma ya sasanta masoyan, amma ya mai da shi abin dariya, baƙauyen da kayan birni ke rikitawa. Mutumin da ya rasa ƙasarsa ya ga an ƙarar da ɓaunar da mutanensa ke rayuwa a kanta ya fi ƙarfin a yi masa haka. Abin yabo ɗaya shi ne wanda ya fito a matsayinsa, Chief Thunderbird, ɗan al'ummar Cheyenne ne, a zamanin da aka saba shafa wa Bature launi a ba shi irin wannan matsayi.

Ta yi wasa a gaban sarakunan Turai kamar yadda aka nuna?

Ta yi. A 1887 ayarin ya je Landan, shekarar da Sarauniya Biktoriya ta cika shekara 50 kan gadon sarauta, kuma sarauniyar ta zo kallo da kanta. Da aka gabatar da Annie ga Yarima Edward mai jiran gado, sai ta fara miƙa wa matarsa Gimbiya Alexandra hannu, tana mai cewa a ƙasarsu mata ake fara gaisarwa. A wannan tafiya ta kara da wani babban basaraken Rasha, Michael, ta doke shi. A 1889 suka koma Turai, suka yi wasa a baje kolin duniya na Paris, suka zaga Italiya da Jamus da wasu ƙasashe.

Labarin da ya fi shahara shi ne na Wilhelm, basaraken Jamus, wanda aka ce ta harbe tokar sigarinsa. Masu ba da labari sukan ce a bakinsa take, masu binciken tarihi kuma sun fi karkata ga cewa a hannunsa ya riƙe. Fim ɗin ya bi ta kan tafiyar Turai da sauri, don hankalinsa na kan rabuwar Annie da Toby, rabuwar da ba ta taɓa faruwa ba, kamar yadda aka yi bayani a amsar da ta shafi Frank Butler. Bai kuma kawo kishiyarta a fagen harbi ba, Lillian Smith, 'yar shekara 15 da ta shigo ayarin a 1886, wadda zuwanta ya sa Annie ta rage shekara 6 daga shekarunta a tallace-tallace.

Barbara Stanwyck ta dace da matsayin?

Ta dace, kuma ita ce ta riƙe fim ɗin. A fuska ba su yi kama sosai ba, sannan lafazinta na unguwar Brooklyn ta New York yakan leƙo ta bakin 'yar ƙauyen Ohio. Amma ta kama abin da ya fi muhimmanci, wato natsuwar mai sana'a da ta san hannunta. Ba ta yi wa Annie ihu ko tafiyar maza ba. Ta bar ta mai kunya da sanyin murya, sai an ba ta bindiga ka ga wata daban. Haka waɗanda suka san Annie suka siffanta ta: mace mai kamun kai, da ke ɗinka kayan wasanta da hannunta, ba ta sa wando a fili, tana zama cikin tantinta tana saƙa tsakanin wasa da wasa.

Wataƙila tarihin Stanwyck ya taimaka. An haife ta a 1907 da sunan Ruby Stevens, mahaifiyarta ta rasu tana shekara 4, mahaifinta ya tafi bai dawo ba, ta tashi a hannun mariƙa daban-daban. Wannan ne fim ɗin kaboyi na farko da ta yi, daga baya ta yi da yawa, har da shirin talabijin The Big Valley daga 1965 zuwa 1969. Sau huɗu ana sa ta cikin 'yan takarar kyautar Oscar, aka ba ta ta girmamawa a 1982. Ta rasu a 1990.

Shi kuma daraktan fa?

George Stevens ya fara ne da riƙe kyamara a finafinan barkwanci na Laurel da Hardy, kuma ana ganin sawun wannan a yadda yake jan abin dariya a hankali har ya nuna. A 1935 yana ɗan shekara 30, sunansa bai gama fitowa ba. Bayan yaƙin duniya na biyu, inda ya jagoranci masu ɗaukar hoton sojan Amurka har suka ɗauki abin da aka tarar a sansanin gwale-gwale na 'yan Nazi da ke Dachau, finafinansa suka yi nauyi. Shi ya yi Shane a 1953, ɗaya daga cikin finafinan kaboyi da aka fi girmamawa, ya kuma ci Oscar sau biyu a matsayin darakta.

Fim ɗin kaboyi ne na sosai, mai faɗa da harbe-harbe?

Wanda ya zo neman ɗan fashi da sharif da artabu a tsakiyar titi zai koma da ƙishirwa. Dattawan da suka san finafinan kaboyi a gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos sun saba da jarumi mai rama zalunci da bakin bindiga. Nan ba haka ba ne. Labarin 'yan wasa ne da soyayyarsu, harbin duk na gwaninta ne, ba na kisa ba.

Ita kanta Annie ba 'yar yammacin Amurka ba ce. Ohio tana can ɓangaren gabas, kuma ba ta taɓa kiwon shanu ko zaman bakin daga ba. Hular kaboyi da tauraron da ke jikinta kayan aiki ne. Ita da Buffalo Bill suna cikin waɗanda suka sayar wa duniya hoton yammacin Amurka da finafinai suka gada daga baya.

Wannan ne fim ɗin da ake waƙoƙi a ciki? Kuma ita ce Calamity Jane?

Ba shi ba ne. Mai waƙoƙin shi ne Annie Get Your Gun na kamfanin MGM, mai kala, wanda ya fito a 1950 da Betty Hutton da Howard Keel. An ɗauko shi daga wasan dandamali na 1946 da Irving Berlin ya rubuta wa waƙoƙi. Dorothy da Herbert Fields ne suka tsara labarin wasan, kuma ɗan'uwansu Joseph Fields yana cikin waɗanda suka rubuta labarin fim ɗin 1935. A na 1950 an mayar wa Frank Butler sunansa, an kuma bar Annie ta ci gasar farko, sai dai a gasar ƙarshe aka sa ta faɗi da gangan don ta sami miji. Wato an sake yin abin da aka yi magana a kai a amsa ta huɗu, an canza masa wuri ne kawai.

Calamity Jane mace ce daban. Sunanta Martha Jane Canary, ta rayu a yammacin Amurka na gaske, tana sa kayan maza, ta yi suna da shaye-shaye da ba da labaran kanta, ta rasu a 1903. Halinsu ya yi hannun riga, kuma Annie ta yi duk rayuwarta tana guje wa irin wannan suna.

Me ya faru da ita bayan inda fim ya tsaya?

A 1898, da yaƙi da Sifaniya ya ƙarato, ta rubuta wa Shugaba McKinley wasiƙa cewa za ta kawo mata 50 gwanayen harbi da bindigoginsu. Ba a karɓa ba. A watan Oktoba na 1901 jirgin ƙasan ayarin ya yi karo da wani a jihar North Carolina, ta ji rauni a baya, ta bar wasan Buffalo Bill. Sai babbar jarrabawa ta zo a watan Agusta na 1903: jaridu biyu na William Randolph Hearst a Chicago suka buga cewa an kama Annie Oakley ta yi sata don ta sayi hodar iblis. Wata 'yar rawa ce daban da ta ari sunan. Jaridu da dama suka kwafa ba bincike. Annie ta shigar da ƙara 55 kan ɓata suna, ta yi shekaru tana zirga-zirgar kotuna har 1910, ta ci ko aka sasanta a 54. Hearst ya tura mai bincike garin su Annie ya tono mata abin kunya, ya dawo hannu rabbana. Mace ɗaya ta tsaya wa mai jaridun da ya fi kowa ƙarfi a ƙasar don kare mutuncinta, amma wannan babin bai shiga fim ɗin 1935 ba, bai shiga na 1950 ba.

Ta koma fage daga 1911 zuwa 1913 tare da wani ayari, sannan ita da Butler suka riƙa zama a Cambridge ta Maryland da Pinehurst ta North Carolina, inda ta koya wa dubban mata harbi. Ra'ayinta shi ne kowace mace ta iya riƙe bindiga don motsa jiki da kare kai. A lokacin yaƙin duniya na ɗaya ta zaga sansanonin soja tana nuni, tana tara wa ƙungiyar Red Cross kuɗi. A 1922 ta harbi faifan yumɓu 100 a jere ba kuskure. A ƙarshen shekarar ta yi hatsarin mota a Florida, aka sa mata ƙarfe a ƙafar dama, duk da haka ta sake komawa harbi.

Ta rasu a Greenville ranar 3 ga Nuwamba, 1926, tana da shekara 66, sakamakon ciwon ƙarancin jini. Butler ya bi ta bayan kwana 18. Ba su haihu tare ba. An binne su kusa da juna a maƙabartar Brock, ba nisa da inda aka haife ta.

Akwai inda za a ga ita kanta tana harbi?

Akwai. Ranar 1 ga Nuwamba, 1894, ta je ɗakin ɗaukar hoto na Thomas Edison a West Orange ta jihar New Jersey, aka ɗauke ta tana harbin abubuwan da aka kafa a allo da waɗanda ake jefawa sama. Bai kai minti ɗaya ba, ba sauti, hayaƙin albarushi yana rufe ta, amma ana ganin saurin hannunta sarai. Yana cikin hotuna masu motsi na farko-farko a duniya, kuma ana samunsa a intanet kyauta. Bindigoginta da kayan sawarta da wasiƙunta kuwa suna gidan tarihi na Garst a Greenville, wasu kuma a cibiyar Buffalo Bill da ke garin Cody na jihar Wyoming. Lambobin yabonta da yawa ba su kai zamaninmu ba, don ta sa an narkar da su ta ba da kuɗin sadaka.

Za a iya kallonsa da iyali?

Za a iya. An yi shi ne bayan da Hollywood ta tsaurara dokar tace finafinai a 1934, don haka babu tsiraici, babu zagi, babu zubar da jini na a zo a gani. Turancin na da ne kuma ana magana da sauri, saboda haka zai fi kyau a nemi kwafi mai rubutu a ƙasa. Idan da yara a wurin, yana da kyau babba ya yi musu bayanin abu biyu: ko wane ne Sitting Bull a tarihi, da kuma cewa a gasar gaskiya Annie ce ta ci. Sannan a ja musu kunne cewa harbin sigari a baki ko kwabo a hannu aikin mutanen da suka shekara da shekaru suna horo ne, kuma ko a cikin fim ɗin an nuna yadda yake ƙarewa da rauni.